Baiwar Koyarwa: Filibus Ya Hau Karusa Ya Zauna

Salama a gare ku, 'yan'uwa a cikin Ubangiji. Masu Littafi Mai Tsarki a hannu, ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 8, daga aya 26. A nan zan fara.

Ma'ajin sarauniyar Habasha ne yake komawa gida daga Urushalima a karusarsa, yana karanta littafin annabi Ishaya. Babban mutum ne, ya iya karatu, har ya mallaki littafi a zamanin da sai da hannu ake kwafe shi. Filibus mai bishara ya sheƙa a guje ya cim masa, ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa. Mutumin bai yi girman kai ba. Ya ce ina zai gane in ba wani ya bayyana masa ba? Sai ya roƙi Filibus ya hau su zauna tare. Ku duba aya 35 da kyau: daga wannan nassi da ke hannun mutumin, Ishaya 53, Filibus ya fara, har ya kai shi ga Yesu. Bai ce masa ajiye wannan, ga darasin da na shirya ba. Daga inda mutumin ya tsaya ya ɗauko shi.

Abin da nake so ku tafi da shi yau ke nan. Mai baiwar koyarwa yakan hau karusar ɗalibinsa.

Manzo Bulus ya ambaci wannan baiwa a Romawa 12:7, da 1 Korantiyawa 12:28 inda ya sa masu koyarwa na uku bayan manzanni da annabawa, da Afisawa 4:11 inda ya haɗa su da makiyaya. A 1 Korantiyawa 12:29 kuma ya tambaya ko duka ne masu koyarwa. A'a mana. Ruhu Mai Tsarki ne yake rabawa yadda ya nufa.

To amma mu yawanci da iya magana muke auna ta, kuma nan ne muke kuskure. Ku duba Afolos a Ayyukan Manzanni sura 18. Mutumin Iskandariya ne, gwanin magana, ya san Littattafai ƙwarai, yana koyarwa da zafin zuciya a Afisa. Sai dai baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Su wa suka gyara shi? Bilkisu da mijinta Akila, masu ɗinkin tanti. Ba su tsinka shi a bainar jama'a ba. Sun ja shi gefe, suka ƙara bayyana masa hanyar Allah daidai. Ni a wannan labari malamai uku nake gani. Biyu sun iya gyara ba tare da sun karya zuciyar mutum ba, na ukun kuma duk da sunansa ya zauna ya saurara. Da ya haye zuwa Akaya ya zama babban taimako ga masu bi. Malamin da ba ya karɓar gyara, ni tsoronsa nake ji.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata dattijuwa ce take koyar da ajin masu shirin baftisma, ba ta taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Wani magidanci ya ce shi wannan maganar alheri ta gagare shi: yaya za a ce mutum bai yi komai ba a cece shi? Ba ta yi saurin amsawa ba. Ta rufe littafinta, ta dube shi, ta ce, "Ɗana, ranar da aka biya ka ladan aikinka, kana durƙusawa ka yi godiya?" Ya ce a'a, ai guminsa ne. Ta ce, "To in ana bin ka bashin da ya fi ƙarfinka wani ya biya maka fa?" Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Sannan ne ta buɗe masa Romawa 4:4 ya karanta da kansa. Na ga fuskarsa ta washe. Na sha jin wa'azi a kan alheri, amma wannan ajin ne ya zauna mini.

Kada wani ya ɗauka baiwa tana ɗauke wa mutum wahalar nazari. Ezra 7:10 ya jera abu uku: Ezra ya sa zuciyarsa ga nazarin shari'ar Ubangiji, ga aikata ta, sannan ga koyar da ita. Koyarwa ce ta ƙarshe. Bulus ya yi shekara 2 yana tattaunawa kullum a makarantar Tiranas, kuma ya ce wa dattawan Afisa shekara 3 yana gargaɗinsu dare da rana har da hawaye. Yakubu 3:1 ya ce kada da yawa su zama masu koyarwa, domin za a yi mana shari'a mafi tsanani. Da "mu" ya yi maganar, ya sa kansa a ciki. Duk daren Asabar da nake shirin darasi sai wannan aya ta faɗo mini a rai.

Ga abin da ke damuna, zan faɗa a gaban shugabanninmu cikin ladabi. In za a zaɓi mai wa'azi, sai an yi addu'a an yi shawara. In kuwa ajin yara ne na makarantar Lahadi, duk wanda ba shi da aiki a safiyar nan shi ake turawa. Alhali Timoti tun yana ƙaramin yaro ya san Littattafai, bangaskiyar kuma ta fara zama ne a kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Shi ne daga baya Bulus ya ce wa a 2 Timoti 2:2 ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane da za su iya koya wa waɗansu. Ku ƙirga: Bulus, Timoti, amintattu, waɗansu. Tsara huɗu a aya ɗaya.

Don haka roƙona ga dattawan ikilisiya, Lahadi mai zuwa ɗaya daga cikinku ya bar kujerarsa ta gaba, ya je ya zauna a bayan ajin yara har a tashi. Ya lura da wanda yara suke yi wa tambaya ba tare da tsoro ba, ya kawo mana sunansa. Zan dakata a nan in ji tambayoyinku.