Tawada ɗaya, baƙi iri-iri: abin da buroshin Sinawa ke nunawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Ku kwatanta a ranku wani layi da marubucin Sin ya ja a takarda. Sau ɗaya aka tsoma buroshi a tawada, hannu kuma bai ɗaga ba har ƙarshe. Farkon layin baƙi ƙirin ne, har yana sheƙi. Tsakiyarsa ta fara dusashewa. Can ƙarshe kuwa gashin buroshin ya rarrabu, farin takarda yana leƙowa ta tsakanin baƙin. Da gardi ne ya yi wannan a tsangaya a Marwa ko Garwa, alaramma cewa zai yi, "Dangwalo tawada mana, alƙalaminka ya bushe." A ƙasar Sin kuwa, nan ne masana rubutu suke tsayawa su daɗe suna kallo.

Tawadarsu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mu gawayi muke haɗawa da ƙaro, irin ƙaron da Chadi ke cikin manyan masu fitar da shi zuwa ƙasashen duniya. Su kuma baƙin hayaƙin itace ko na fitilar mai suke tarawa, su kwaɓa da gam da aka dafa daga fatar dabbobi, su busar ya zama sanda mai tauri. Ranar rubutu sai a ɗiga ruwa a kan wani dutse mai laushin fuska, a riƙa goga sandar a hankali. Ka ga ke nan marubucin da kansa yake yanke kaurin tawadarsa tun kafin ya taɓa takarda. In ya daɗe yana gogawa ta yi kauri, in ya ƙara ruwa ta tsinke ta koma toka-toka. Tun ƙarni na 9 wani masanin zane mai suna Zhang Yanyuan ya rubuta cewa wanda ya iya sarrafa tawada ya sami launuka biyar daga baƙi kaɗai.

Takardarsu ma tana da hannu a ciki. Wadda ake kira Xuan, ta lardin Anhui, shan ruwa gare ta. In buroshi ya jiƙe sosai, tawadar takan bazu ta wuce bakin harafin, ta bar masa wata inuwa mai taushi. In hannu ya ɗan tsaya, ko da na ƙiftawar ido ne, wurin zai kumbura ya nuna. Gogewa babu, gyara babu. Abin da hannu ya yi, da saurinsa da shakkarsa, yana nan kwance a takarda.

Ga misalin da ya fi taɓa ni. A shekarar 755 tawayen wani kwamandan soja mai suna An Lushan ya ɓarke a daular Tang ta ƙasar Sin. Cikin waɗanda aka kashe har da wani matashi, ɗan ɗan'uwan babban marubuci Yan Zhenqing. Da aka je neman gawarsa, kansa kaɗai aka samo. A 758 Yan ya zauna rubuta masa makoki. Rubutun da ya bari daftari ne kawai mai layi 23, ba don a rataye a bango ya yi shi ba. Ku lura da layukan farko: haruffa a tsaye, tawada daidai, hannu a natse. Yanzu mu matsa gaba. Ga inda ya soke kalma, ya rubuta wata a gefe, ya sake sokewa. Ga inda tawada ta ƙare bai tsaya dangwalowa ba, ya ci gaba da jan busasshen buroshi har haruffan suka zama kamar karce. Zuwa ƙarshe layukan sun karkace, haruffa suna hawa kan juna. Ko ba ka san harafi ɗaya na Sinanci ba, wallahi za ka gane halin da mutumin nan yake ciki. Takardar tana gidan tarihi na birnin Taipei a Taiwan, kuma Sinawa suna lissafa ta cikin mafi darajar rubuce-rubucensu.

Kada wani ya ce to namu fa, ya gaza ke nan? A'a. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin gamba, wata manufa ce daban a gabansa. So yake kowane harafi ya fito cikakke, mai kauri, yadda mai karatu ba zai yi tuntuɓe ba, don maganar ba tasa ba ce balle ya sa damuwarsa a ciki. Shi ya sa ya ba launuka aiki: baƙi ko yambari na bagaruwa ga haruffa, ja ga wasulla, rawaya ga hamza. Duk da haka, in kuka samu tsohon rubutun hannu a Ngaundare ko Injamena, ku kusanto da ido. Za ku ga inda aka tsoma alƙalami a kurtu harafin ya yi duhu, bayan kalma uku ko huɗu ya fara haske, sannan duhun ya dawo.

Mai son gwadawa ba sai ya sayi kayan Sin ba. Raba tawadar allo gida uku: ɗaya yadda take, ɗaya da ruwa kaɗan, ɗaya da ruwa sosai. Nemi buroshin fenti mai laushi. Takardar littafin makaranta santsi gare ta, tawada kwanciya za ta yi a kai, don haka tsohuwar jarida ta fi. Ja layi a hankali, ja wani da sauri, kuma kada ka sake dangwalowa sai buroshin ya bushe ƙarau.