Titin Lekki zuwa Epe: hanyar da taki da man Arewa ke fitowa ta kai

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Legas za mu je, kuma kafin wani ya ce mu ina ruwanmu da titin Legas, to ɗan'uwa in dai ka taɓa sayen buhun yuriya na Ɗangote a Funtuwa ko Giwa, akwai yiwuwar buhun nan ta kan wannan titin ya fito. Sunansa titin Lekki zuwa Epe, kuma na gwamnatin jihar Legas ne, ba na tarayya ba.

Ku ɗan kwatanta taswirar wurin a ranku. Yankin Lekki wani siririn tudu ne dogo, ta kudu teku, ta arewa kuma wannan makeken ruwan da 'yan Legas ke ce wa lagun, shi kuma titin ya ratsa ta tsakiya kamar zare a allura. Yana tashi ne daga bakin Victoria Island inda titin Ozumba Mbadiwe ya ƙare, ya wuce Lekki Phase 1, Ikate, Jakande, Chevron, VGC, ya faɗa Ajah, daga nan sai Abraham Adesanya, Sangotedo, Awoyaya, Lakowe, Bogije, har mahaɗar Eleko, sannan ya miƙe ya haye gadar ruwa ya shiga garin Epe. Duk wanda ke zaune a unguwannin nan, mai kuɗi da talaka, mai jif da mai danfo, in zai fita to nan dai zai biyo.

A zamanin Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, aka buɗe wannan hanya, lokacin yawancin wurin fadama ce da ƙauyukan masunta da itatuwan kwakwa. A 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko da ke bakin hanyar, aka tashi talakawa dubbai a tsakiyar damina, wallahi abin ba daɗin ji, kuma daga baya wurin ya koma filayen masu hannu da shuni. Sai aka yi ta ciko da yashi ana gina rukunin gidaje, garin na ta tafiya gabas, titin kuwa yana nan yadda yake.

A 2006 lokacin Tinubu na gwamna, jihar ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai suna Lekki Concession Company, cewa ya nemo kuɗi ya faɗaɗa kimanin kilomita 49 na titin, shi kuma ya kafa tolget ya riƙa karɓar kuɗi shekara 30 har ya maida uwar kuɗinsa da riba. An fara karɓar kuɗin a Disambar 2011, mutane suka fito zanga-zanga, kuma ni dai ina ganin suna da hujja, don ta yaya za ka ce mutum ya biya kafin ya shiga gidansa alhali aikin bai kai ko'ina ba, hanyar da za ka ce ya bi kyauta kuma ba ta taka kara ta karya ba? A 2013 gwamnatin Fashola ta yanke shawarar saye yarjejeniyar, kamfanin ya dawo hannun jiha. Wannan tolget ɗin dai shi ne wanda duniya ta sani ranar 20 ga Oktoban 2020, daren da sojoji suka yi harbi a inda masu zanga-zangar EndSARS suka taru, daga nan aka dakatar da karɓar kuɗi a wurin.

Shi kuma Gwamna Ambode da ya zo sai ya fasa manyan shataletalen da ke kan hanyar ya sa danja, sannan a Mayun 2017 ya buɗe gadar sama ta Ajah. An ɗan samu sauƙi, ba laifi.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne can Eleko. In ka karya kwana daga mahaɗar nan ka nufi bakin teku, nan ne kamfanin takin Ɗangote da aka buɗe a Maris 2022 yake, nan ne sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da Buhari ya buɗe a Janairun 2023, nan ne kuma matatar man Ɗangote da aka ƙaddamar a Mayun 2023 mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Yanzu ku kwatanta, tireloli da taki, tankoki da fetur da dizal, ga masu kwantena, dukkansu sai sun fito sun hau wannan titin.

Duk direban babbar mota ya san abin da lodi ke yi wa kwalta. Rana ta buga ta yi laushi, tanka cike maƙil ta tsaya a gosulo tana ɗan gusawa tana taka birki, sai ka ga sawun taya ya lotsa kamar kunyar gona, gefen ya kumbura. Dizal ya ɗiga ya narkar da ita, ruwan sama ya kwanta a ramin, ƙasan kuma dama yashi ne da ruwa kusa-kusa, damina ɗaya sai ka rantse ba a taɓa aiki a wurin ba. Shi ya sa da gwamnatin Sanwo-Olu ta fara sake gina ɓangaren Eleko zuwa Epe a ƙarshen 2020, kilomita 18.75, sai aka yi shi hannu uku-uku kuma da kankare, wato siminti da rodi. Kankare ya fi tsada kuma sai an bar shi ya yi makonni yana shan ruwa kafin a saki motoci, wannan ne ke ja wa mutane wahalar a haɗa su a hannu ɗaya lokacin aiki, amma shi yana baza nauyin motar ne a kan faffaɗan dabe, ba ya lotsawa. A nan kam na yaba, an yi abin da ya dace. Kashi na biyu kuma shi ne daga Eleko a dawo Abraham Adesanya.

Daga Epe direbobinmu sai su ɗauki hanyar Ijebu Ode a jihar Ogun, su wuce Ibadan, Ogbomosho, Ilorin, su tsallake gadar Jebba su shigo Mokwa, ba sai sun kutsa cikin Legas ba.

Abin da ke damuna shi ne har yanzu ana ta ƙara wa jaki ɗaya kaya ne. Tanka ɗaya ta faɗi a Sangotedo, ko ruwa ya cika titi a Chevron, shi ke nan ma'aikaci ya makara, mai gadi da ya kwana a tsaye ya rasa motar komawa gida, mai kayan gwari yana kallon tumatirinsa na zubar da ruwa a kwando. An daɗe ana maganar jirgin ƙasa na Green Line daga Marina zuwa yankin matatar, da gadar da ake kira Fourth Mainland Bridge, wato babbar gadar ruwa ta huɗu a Legas, wadda za ta tashi daga Ajah ta haye ruwa zuwa Ikorodu. Sai kuma titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba da gwamnatin tarayya ta fara a 2024, wanda farkonsa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan titin, shi ne za mu duba a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu. Direbobinmu da ke lodi a Eleko, don Allah ku rubuto mana a ƙasa awa nawa kuke ci yanzu kafin ku isa Ijebu Ode.