Sufana ɗaya a kan titin jirgi

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a Inuwar Darbejiya. Rabi ce, ga Aminu a gefena yana ta cika yana batsewa, don jirgi ya shanya shi jiya.

Aminu: Yaya Rabi ki bari kawai. Tun tara na safe nake zaune, sai bayan la'asar aka ce an fasa tashi, wai hazo. Na leƙa waje, ga motoci suna wucewa abinsu.

Rabi: To ga mai ba ka amsa. Kawu Ɗanladi ya fi shekara ashirin yana aiki a filin jirgi, kuma ba a ofis mai sanyi ba, can waje inda rana take dukan mutum. Kawu, barka da zuwa.

Kawu Ɗanladi: Barka kadai 'yata. Aminu, mai mota in bai ga gabansa ba sai ya taka birki ya gangara gefen titi. Jirgi kuwa lokacin da zai taɓa ƙasa gudunsa ya haura kilomita 200 a awa. Ina zai gangara? Tsofaffin Kano ba su manta da 22 ga Janairu 1973 ba, tsakiyar hunturu. Boeing 707 ne ya ɗauko alhazai daga Jidda, Legas za shi, yanayi ya hana, aka karkato shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu.

Aminu: Allah Ya jiƙansu. Na janye ƙorafina, amma rabi kawai. Da sun gaya mana tun safe.

Kawu Ɗanladi: Wannan kuma da gaskiyarka, ba zan kare su ba.

Rabi: Kawu, mu in an ce hatsarin jirgi sama muke kallo. Kai kuma kullum cewa kake a dubi ƙasa.

Kawu Ɗanladi: Ai a ƙasa ake haihuwar yawancin matsalar. Bari in ba ku labarin aikin da muke fara yi da sassafe. Bayan sallar asuba, gari ya ɗan waye, sai mota ta bi titin jirgi daga wannan kai zuwa wancan, a hankali, ido a ƙasa. Lokaci-lokaci kuma a jera mu sahu kamar masu roron gyaɗa, kowa da bokiti, mu taka a ƙafa. Me muke nema? Noti, ƙusa, tsakuwa, ɓallen kwalta, zif ɗin jaka, ledar ruwa. Duk abin da ka tsinta sai an rubuta: mene ne, a ina, ƙarfe nawa.

Aminu: Ledar fiya wata? Haba Kawu.

Kawu Ɗanladi: Injin jirgi zuƙar iska yake, kuma ba ya tantance abin da zai haɗiya. Ka ajiye maganar leda ma. Wata rana ina cikin sahun nan sai na hango abu yana ƙyalli a daidai farin layin tsakiya. Na duƙa, sai ga sufana, mai lamba goma sha huɗu, har da baƙin mai a jikinta. Saura kamar minti arba'in jirgin farko ya tashi. Wallahi na daɗe riƙe da ita, hannuna yana rawa.

Rabi: Saboda ka san abin da za ta iya yi.

Kawu Ɗanladi: Saboda na san labarin jirgin Concorde. Ranar 25 ga Yuli 2000, a filin Charles de Gaulle na Paris, wani jirgi ya tashi, ɗan sillen ƙarfe ya faɗo daga jikin injinsa, tsawonsa bai kai rabin mita ba. Bayan 'yan mintuna Concorde ya biyo baya a guje ya taka shi. Taya ta fashe, gutsuren roba ya daki ƙarƙashin fiffike inda tankin mai yake, mai ya tsiyayo, wuta ta tashi. Ya faɗa kan wani otal a garin Gonesse. Mutum 113 suka rasu, har da huɗu da ke ƙasa.

Aminu: To ni dai wanda ya yar da sufanar nan, korarsa ya kamata a yi a ranar. Wasa da rayuka ne.

Kawu Ɗanladi: Haka ogan wurin ya ce, har ya sa a rubuta takarda. Yaro ne sabon ɗauka, ya ɗora ta a bayan mota ya manta, ta zame. Da kansa ya zo yana gumi ya ce kayansa ba su cika ba, kafin ma ya ji an tsinta. Na ce wa oga, ranka ya daɗe, in ka kori wannan, gobe duk wanda ya ɓatar da abu shiru zai yi yana addu'a. Kai kuma ba za ka sani ba sai taya ta gaya maka.

Aminu: Amma Kawu, in ba hukunci ai kowa sai ya saki jiki.

Rabi: Ni a nan ina tare da Kawu. A gida ma, yaron da ake duka in ya fasa kofi, ɓoye fasassun yake yi a bayan randa, sai wani ya taka.

Kawu Ɗanladi: Akwai hukunci, Aminu, ga wanda ya yi ganganci ko ya ɓoye. Abin da aka yi bayan ranar, sai aka kafa allo, aka zana siffar kowace sufana da filaya a inda take ratayewa. In gurbi ɗaya ba kowa, ba wanda zai tashi aiki. Wannan allon ya fi takardar kora amfani.

Rabi: Ka taɓa ce min gaggawa ta fi sakaci kisa.

Kawu Ɗanladi: Mutanen Sakkwato sun san wannan. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin DC-8 na wani kamfanin Kanada, Nationair, wanda aka yi haya don jigilar alhazan Nijeriya, zai tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyi biyu iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba. Makaniki ya nemi a ƙara, kuma ba iskar bakanizan bakin titi ake sa musu ba, naitrojin ce. Ba a same ta nan take ba, jirgi kuma ya makara, sai aka ce a tafi haka. Suna gudu a kan titi tayoyin suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har ya ɗau wuta. Direbobi ba su sani ba, suka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgi da wutar a jikinsu. Sun juyo za su sauka, ba su kai ba. Mutum 261, ba wanda ya tsira.

Aminu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A kan iskar taya.

Kawu Ɗanladi: A kan mutumin da ya ga matsala, ya faɗa, amma muryarsa ba ta kai ta mai kallon agogo ba. Shi ya sa in na ji fasinja yana zagin ma'aikata don an ce ana duba jirgi, raina yake ɓaci.

Rabi: Aminu, da kai ake.

Aminu: Na ji a jikina. Mu koma kan tsuntsaye, don na ga bidiyon jirgin nan da ya sauka a kogi a Amurka.

Kawu Ɗanladi: Kogin Hudson, Janairun 2009. Garken dinya ya shiga injina biyu bayan tashi daga New York, Allah Ya yi da sauran kwana, duka mutum 155 suka tsira. Na Koriya ta Kudu a Disambar 2024 bai zo da sauƙi ba: tsuntsaye suka shiga inji, jirgin ya sauka da ciki a filin Muan, ya zarce ƙarshen titi ya daki ginin kankare da aka ɗora na'ura a kai. Mutum 179 suka rasu. Mu nan namu shirwa ce da balbela da hankaka, da yamma kuma jemage.

Rabi: Yaya ake korarsu? Da gwafa?

Kawu Ɗanladi: Kin yi dariya, amma akwai wata bindigar gas da ake girkewa tana ƙara lokaci-lokaci. Sati biyu suna tsoro. A na uku na ga hankaka zaune a kanta yana gyara gashinsa. Tsuntsu ba yawon buɗe ido yake zuwa yi ba, abinci yake bi. In ka sa tarakta yankan ciyawa da rana, fara za ta tashi, balbela kuma su biyo bayanta fari fat kamar an shanya wanki. Dole ka zaɓi lokacin da ba jirgi. In ruwa ya kwanta a kwalbati, ka gayyato su. Babbar matsalar kuma a wajen katanga take: juji da mahauta. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, shawararta ita ce a lura da duk abin da ke jawo tsuntsu har nisan kilomita 13 daga fili.

Aminu: Kilomita 13? Ai a Kano rabin gari ke nan.

Kawu Ɗanladi: To ka gani. Lokacin da aka kafa filin a bayan gari yake, yanzu gari ya rungume shi. Mai zubar da kayan cikin kaji a bola bai san shirwar da ya tara za ta iya haɗuwa da jirgi ba. Kuma ba ma'aikatan fili ke da iko da bolar unguwa ba, sai ƙaramar hukuma da masu unguwanni sun shigo.

Rabi: Mu da muka tashi kusa da Gwammaja mun san maƙwabtaka da filin jirgi. Ranar 4 ga Mayu 2002 ina 'yar makaranta, jirgin EAS ya faɗo kan gidaje jim kaɗan bayan tashinsa, fiye da mutum 100 suka rasu, da na ciki da na ƙasa. Har yau in jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa mahaifiyata sai ta yi salati.

Kawu Ɗanladi: Allah Ya gafarta musu. Shi ya sa ake hana gini a saitin ƙarshen titi, amma sai ka ga an yanka filaye ana sayarwa.

Aminu: Kawu, da gaske ne jirgi ya taɓa karo da shanu, ko zuƙi ta malle ce?

Kawu Ɗanladi: Fatakwal, Yulin 2005, jirgin Air France yana sauka ya tarar da garke a kan titi. Ba wanda ya ji rauni sai shanun. Shingen filin ne bai tare su ba.

Rabi: Masu sauraro kan tambaya, wa za a kama da laifi in abu ya lalace?

Kawu Ɗanladi: Aikin rabe yake. A Nijeriya FAAN ke riƙe da yawancin filaye, wato titi da katanga da 'yan kwana-kwana. NAMA ke da hasumiya da masu ba jirgi izinin sauka da tashi. NiMet ke auna yanayi, su ne suka ga hazon Aminu. NCAA ke sa ido a kan kowa, NSIB kuma ta yi bincike in an yi hatsari. A Nijar ASECNA ke kula da zirga-zirgar sama. Inda ake samun tangarɗa shi ne tsakaninsu: mai mota zai tsallaka titi, ya ɗauka hasumiya ta ba shi izini, ita kuma da wani take. Don haka duk umarnin da aka ba ka a rediyo sai ka maimaita shi baki da baki.

Aminu: 'Yan kwana-kwanan nan kuwa, ni kullum a zaune nake hango su.

Kawu Ɗanladi: Ka roƙi Allah su yi ta zama. Ƙa'idarsu, daga jin ƙararrawa zuwa isa kowane ƙarshen titi kada ya wuce minti uku. Ana gwada su da agogo, ba sanarwa. Na ga wanda ya bar loma a kwano ya hau mota da takalmi ɗaya a hannu.

Rabi: Lokaci ya ci mana. Mako mai zuwa za mu taɓo maganar kayan alhazai da abin da ake hana shiga da shi jirgi, ku turo tambayoyinku. Kawu, mun gode ƙwarai.

Aminu: Tsaya Yaya Rabi. Kawu, ina yaron nan yanzu? Kuma ina sufanar?

Kawu Ɗanladi: Yaron shi ke duba allon yanzu, kuma ya fi ogan da ya so korarsa tsanani. Sufanar kuwa an mayar da ita gurbinta. Kayan gwamnati ne, da ka ɗauka gida na kai ta?