Lacca: Gina shafukan intanet a cikin digirin kwamfuta

An gabatar da ita ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Madina, bayan sallar isha'i.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwana ɗalibai, abu uku zan faɗa in Allah ya yarda. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Na farko, kada kowa ya raina darasin gina shafukan intanet, wai ai ko a YouTube ana koya. Ana koya, amma ba a faɗa maka dalili. Ka gina shafi, ka shigar da sunan mahaifinka mai ƙ ko ɗ, ka adana a rumbun bayanai, gobe ka buɗe ka tarar da alamar tambaya zaune a gurbin harafin. Me ya faru? A tsarin adana haruffa na UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, harafin Turanci bayit ɗaya yake ci (bayit ma'aunin gurbin adana bayanai ne), ƙ kuwa biyu, harafin Larabci ma biyu. In rumbun yana kan tsohon tsarin Latin-1, wanda bai san ƙ ba sam, harafi ya salwanta. Wannan fa darasin shekarar farko ne, na sifili da ɗaya, wanda wasunku ke gyangyaɗi a cikinsa! Kuna dariya, amma sunan mahaifin mutum ne ya lalace. Sunan mahaifinsa.

Kuma ku da ke Saudiyya gata gare ku. Kullum kuna cikin Absher da Nusuk, manhajojin gwamnatin Saudiyya. Ka zaɓi Larabci, sai komai ya juya dama, har maɓallai. Wani ne ya zauna ya rubuta dir="rtl", wato umarnin a jera shafi daga dama zuwa hagu, ya daina cewa hagu da dama a CSS, yaren tsara kamannin shafi, ya koma cewa mafari da ƙarshe. Ku lura da shi, aikinku ne gobe.

Na biyu, lokaci na tafiya. Tim Berners-Lee ya kawo shawarar yanar gizo a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, a 1989, JavaScript, yaren da ke sa shafi ya amsa wa mai amfani da shi, ya zo a 1995. Ku ƙware a HTML (yaren gina ƙashin shafi) da CSS da JavaScript kafin React, wanda a kan JavaScript aka gina shi. Na uku, kada ku adana kalmar sirrin mutane a fili, amana ce. Na huɗu, au, uku na ce ko? To ku ƙara Git, manhajar adana tarihin canje-canjen aikinku.

Na'am, ɗan'uwa?

Tambaya: Malam, ajami fa, zai hau shafi?

Allah ya yi maka albarka, zai hau! Daga dama yake tafiya kamar Larabci, matsalar ita ce samun salon haruffan da zai fito da shi daidai. Ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL sun fitar da salon haruffa na Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, da Harmattan, duk kyauta. Wanda bai zaɓi aikin kammala digiri ba tukuna, ya same ni bayan an tashi, mu zauna a kan wannan.