Alherin Allah da Sake Tashi Bayan Faɗuwa

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Dattawan ikilisiya, iyayenmu mata na zumunta, da ku matasa, ina gaishe ku duka.

Maganarmu ta yammacin nan a kan mai bi ce wanda ya riga ya yi baftisma, yana cin Jibin Ubangiji, wataƙila ma yana cikin mawaƙa ko shi ne ma'ajin wata ƙungiya, sai ya faɗi. Ya ci kuɗin amana, ko ya ci amanar aure, ko kwalba da ƙwaya sun kama shi, ko cacar waya ta cinye jarinsa da na matarsa. Irin wannan mutum ya san ayoyin gafara, wani ma ya haddace su. Abin da ya shige masa duhu shi ne ta ina zai fara idan gari ya waye.

Akwai abubuwa uku da muke cakuɗawa, shi ya sa masu tuba da yawa suke komawa baya: gafarar Allah, gyara tsakaninka da wanda ka cuta, da dawowar amincewar mutane. Kowanne da lokacinsa. Gafarar Allah nan take ce, kyauta ce kuma. Gyara da mutum yakan ɗauki watanni. Amincewa kuwa tana iya ɗaukar shekaru. Wanda ya ce sai ya gama biyan bashi kafin ya kusanci Allah, zai gaji a hanya. Wanda kuma ya ce tun da Allah ya gafarta masa a mayar masa da mabuɗin asusu yau, zai ɓata ran ikilisiya, shi ma ya ji an wulaƙanta shi.

Ku buɗe 2 Sama'ila 12. Natan ya tsaya gaban Dawuda bayan maganar Bat-sheba da kisan Uriya. A aya ta 13 Dawuda ya amsa cewa ya yi wa Ubangiji zunubi, a cikin ayar nan kuma Natan ya shaida masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. Babu azumin kwana arba'in tsakanin furcin da gafarar. Amma ku duba aya ta 10 da ta 14: takobi bai rabu da gidansa ba, yaron da Bat-sheba ta haifa masa kuma ya rasu. To, idan an gafarta maka amma har yanzu mai bashi yana ƙwanƙwasa ƙofa, ko matarka ba ta sake jiki da kai ba, kada ka ɗauka Allah ya janye gafararsa. Sakamakon abin da aka shuka ne yake fitowa, alherin Allah kuma shi ne yake riƙe ka a cikinsa.

Haka tsarin yake ko'ina. A Luka 19 Yesu ne ya fara kiran Zakka daga kan itace ya ce zai sauka a gidansa, a aya ta 5. Alkawarin mayar da kuɗin mutane sai a aya ta 8 ya zo. A Yahaya 21 ma, Yesu ya fara ciyar da Bitrus da gurasa da kifi a bakin teku, bayan sun gama ci sannan ya yi masa tambaya sau uku, daidai da musun da ya yi sau uku. Karɓa ce take zuwa da fari, gyara yana bin ta.

Matakin farko ke nan, furci a gaban Allah, kuma a kira abin da sunansa. "Ya Ubangiji, ka gafarta mini kurakuraina" addu'a ce mai kyau a sujadar Lahadi, amma ba ta isa ga wanda ya san abin da ya yi ba. Ka ce, "Na ɗauki naira dubu hamsin daga kuɗin zumunta, na yi ƙarya a rahoto." Zabura 32 ta nuna halin Dawuda lokacin da ya yi shiru: ƙasusuwansa sun lalace, ƙarfinsa ya bushe. Da ya furta sai aka ɗauke laifin. 1 Yahaya 1:9 ta jingina gafarar a kan amincin Allah da adalcinsa. Ba ta jingina ta a kan yawan hawayenka ba. Wasu sukan tashi daga addu'a su ce ba su ji komai ba, su koma su roƙi gafarar abu ɗaya kullum har shekara. Idan ka furta da gaskiya, gobe abin da ya rage maka godiya ce.

Ku kuma lura da irin baƙin cikin da ke zuciyarku. 2 Korantiyawa 7:10 ta raba shi biyu: akwai wanda yake kai ga tuba, akwai na duniya da yake kai ga mutuwa. Yahuza ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa talatin ɗin, amma ya tafi shi kaɗai. Bitrus ya yi kuka mai zafi, ya kuma zauna cikin 'yan'uwa. Alamar baƙin cikin duniya ita ce ɓuya: ka daina zuwa sujada, ka kashe waya, ka canza hanya idan ka hango fasto. Idan kuma tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, ka faɗa wa wani a ranar, kada ka kwana da shi kai kaɗai, a kai ka asibiti. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Sai furci ga mutum, a nan ne ake yawan ɓata abu. Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, amma ba ta ce ka tashi lokacin shaida ka zazzage komai a gaban yara da baƙi ba. Ƙa'idar da ta fi taimako ita ce, faɗin furcin ya yi daidai da faɗin laifin. Mugun tunanin da bai fito fili ba, tsakaninka da Allah ne. Kada ka je ka ce wa matar wani ka daɗe kana sha'awarta da sunan tuba, ka ɗora mata nauyin da ba ta san da shi ba. Abin da ka yi wa mutum ɗaya, wurinsa za ka je. Abin da ya shafi ikilisiya duka, kamar kuɗin baiko, dattawa za ka samu. Ban da waɗannan, ka nemi mutum ɗaya da ya manyanta cikin bangaskiya, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda aka san bakinsa da nauyi, ya san komai.

Idan ka je wurin wanda ka cuta, ka faɗi abin da ka yi, ka ce laifinka ne, ka faɗi yadda za ka gyara, ka roƙi gafara, sannan ka yi shiru. Kalmar "amma" ita ce take rushe komai: "Na yi kuskure, amma kai ma ka san yadda ka matsa mini." Haka ma "idan na ɓata maka rai", alhali ka san ka ɓata. Kada kuma ka tsare shi sai ya ce ya yafe a nan take. Kai ka yi makonni kana shirya zuwa, shi yanzu yake ji.

Maganar cin amanar aure tana buƙatar ƙarin hankali. Kada ka faɗa wa matarka, ko ke mijinki, da tsakar dare cikin faɗa. A fara samun fasto ko dattijo da matarsa, a shirya zama, musamman inda ake tsoron duka. A yi gwajin cutar ƙanjamau da sauran cututtukan sanyi a asibiti, a maimaita na ƙanjamau bayan wata 3, domin gwajin farko yana iya rasa sabon kamu. A yanke hulɗa da wancan ɓangaren gaba ɗaya, har lambar waya. Idan an samu ciki ko ɗa, ɗawainiyarsa tana wuyan uban, tuba ba ta sauke ta.

Yanzu kuɗi. Littafin Firistoci sura 6 da Littafin Ƙidaya 5:5-8 sun ba da tsari: wanda ya ci ajiya, ko ya ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi musu, zai mayar da shi cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wato naira dubu hamsin ta zama dubu sittin. Zakka ya yi alkawarin ninki huɗu. Mu ba a ƙarƙashin Shari'a muke ba, ba wanda zai ɗora maka ninki huɗu dole, amma tsarin yana koya mana cewa "yi haƙuri" kaɗai ba ya mayar wa gwauruwa jarinta. Ka zauna da takarda ka rubuta sunan kowa da adadinsa. Ka je da shaida ɗaya. Ka faɗi abin da za ka iya biya da gaske. Idan dubu 200 ne, kana iya dubu goma a wata, wata 20 ke nan. Ka faɗi haka, a rubuta, kowane biya a sa hannu. Abin da yake lalata wannan mataki shi ne alkawarin kunya: mutum ya ce zai biya duka ƙarshen wata don a daina kallonsa, ya kasa, ya shiga ɓuya, ko ya ci bashin ruwa a waya don ya toshe na farko. Sannu ba ta hana zuwa. Manomi ya ɗaura biyansa da kaka, ma'aikaci ya ɗaura da ranar albashi. Idan mai kuɗin ya rasu, magadansa za a ba. Idan babu kowa, Littafin Ƙidaya ya ce a kai wa Ubangiji, sai ka miƙa ta hannun ikilisiya don mabukata. Inda kuma abin ya shafi hukuma ko ma'aikata, ka nemi shawarar lauya tare da ta fasto kafin ka ɗauki mataki.

Daga nan sai toshe hanyar da abin ya shigo. Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana ƙin rashin tsoron Allah. Ka tambayi kanka ƙarfe nawa abin yake faruwa, a ina, da wa, da kuɗin wa. Mai caca ya goge manhajar, ya bar katin banki a hannun matarsa ko ɗan'uwansa na wani lokaci. Wanda hanyarsa ta dawowa daga gona take bi ta gidan burkutu ya canza hanya, ko da ta fi nisa. Amma ku ji wannan da kyau: wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, ko tiramol, kada ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Daina giya kwatsam yana iya kawo karkarwa, ruɗewa da farfaɗiya cikin kwana biyu zuwa uku, har ya kai ga rasa rai. A yi addu'a, a kuma kai shi wurin likita. Sannan lokacin da abin yake cinyewa a cika shi da wani aiki. Afisawa 4:28 ba ta tsaya ga cewa ɓarawo ya daina sata ba, ta ce ya yi aiki da hannunsa har ya samu abin ba mabukaci.

Dattawa, yanzu da ku nake. Horon ikilisiya yana da tushe a Littafi, amma manufarsa maido da mutum ce. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da shi cikin tawali'u. A 2 Korantiyawa 2:6-8 Bulus da kansa ya ce horon ya isa, a gafarta, a ta'azantar da mutumin, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Idan za ku sa mutum a horo, ku faɗa masa abin da ake jira ya gyara, ku sa ranar da za a duba maganarsa, ku naɗa wanda zai riƙa ziyartarsa kowane mako. Horon da ba shi da ranar dubawa kora ce, ko ba a kira ta haka ba. Abu ɗaya kuma yana ci mini rai ƙwarai: yarinya ta yi ciki, a tsayar da ita gaban jama'a, wanda ya yi mata kuwa yana zaune a gaba domin laifinsa ba ya fitowa a jiki. Wannan rashin adalci ne, matasanmu suna gani. Ranar da aka ɗage horo kuma, a sanar a fili kamar yadda aka sanar da shigarsa, a ba shi Jibi, a daina tuna masa.

Kai kuma da aka ɗage wa horo, kada ka yi gaggawar neman kujerarka. Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi, suka rabu da Barnaba a kansa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 15 ta nuna. Sai bayan fiye da shekara goma muka ji Bulus a 2 Timoti 4:11 yana cewa a zo masa da Markus domin yana da amfani a hidima. Ka karɓi ƙaramin aiki ka riƙe shi da aminci. Wanda ya faɗi a kan kuɗi, gara ya yi wata hidimar dabam, idan kuma ya koma kusa da asusu a riƙa ƙirga da mutum biyu. Kariya ce gare shi.

Wata uwa daga zumuntar mata ta aiko da tambaya a takarda: idan mutum ya bi duk wannan, sai ya sake faɗuwa fa? Mama, yakan faru, musamman ga masu shaye-shaye da caca. Haɗarin ba ya wuce tunanin nan na "tun da na ɓata, bari in ƙarasa", wanda yake mai da faɗuwar dare ɗaya ta zama ta wata uku. Kada rana ta sake faɗuwa bai furta wa Allah ba, bai kuma kira mutumin nan ɗaya da ya san komai ba. Su zauna su duba wace ƙofa aka bari a buɗe, ko kuɗi ne ya zauna a aljihu, ko tsohon aboki ne ya dawo, su rufe ta. Biyan da ya riga ya yi yana nan, ba a soke shi ba, wata mai zuwa ya ci gaba daga inda takardar ta tsaya. Ran Lahadi kuma wani ya biya masa gida su zo sujada tare, domin wannan Lahadin ce ta fi wuyar fitowa.