Lacca: Ƙartin da ke Gadin Ƙofar Gidajen Rawa a Ingila

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

Yau maganarmu a kan ƙaton nan ne da ke tsayuwa a bakin gidan rawa cikin baƙaƙen kaya, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya koma. Da yawa kallon ɗan daba kawai suke masa. Ni kuwa ina roƙonku ku fara tambayar daga ina ya fito.

Ku ɗauki Sunderland, a arewa maso gabashin Ingila. A da gari ne na ƙera jiragen ruwa da haƙar kwal. A 1988 aka rufe ragowar wuraren ƙera jiragen, ramukan kwal ma suka bi baya. Samarin da iyaye da kakanninsu suka ci abinci da ƙarfin damtse suka wayi gari ba mai neman ƙarfin nan. A daidai lokacin kuma mashaya da gidajen rawa suka cika tsakiyar birane, dubban matasa a buge, 'yan sanda ba su da yawa. To, ƙarfi ya samu sabuwar kasuwa.

Simon Winlow, masanin nazarin laifuka, ɗan garin ne, da kansa ya kama aikin gadin ƙofa don ya yi bincike. Daga baya shi da Dick Hobbs da abokan aikinsu biyu suka fitar da littafi a kan ƙartin nan a 2003. Abin da ya fi taɓa ni a bincikensu shi ne, akasarin aikin ba faɗa ba ne. Lallashi ne, da karantar fuska, da suna. In aka san ka taɓa kai wani ƙasa, sunan ya ishe ka tsawon dare. Amma ranar da baki ya gaza, hannu ke aiki, kuma sau da yawa maganar ba ta kai wa ga 'yan sanda. Ga kuma ƙwaya: wanda ya riƙe ƙofa shi ke da ikon barin dillali ya shiga, shi ya sa gungun miyagu suke rububin ƙofofin.

Gwamnati ta yi doka a 2001, daga 2004 aka fara tilasta lasisi, ana duba ko mutum ya taɓa laifi. Hakan ya yi amfani, ban musa ba. Sai dai mai gidan da ke ɗura wa matasa giya yana ofis yana ƙirga kuɗi, mai gadin shi ke karɓar kwalba a ka, kuma shi ake fara kai wa kotu.