Amsoshin Tambayoyinku: Riƙon Yara a Wurin Aiki da Ma'anar Ci Gaba

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato jagorancin mutane ƙalilan: mai shago da yaransa, shugabar Islamiyya da malamanta, ko wanda aka ba kulawar sashe a ofis. Tare da ni akwai wani dattijo da ya daɗe yana kula da ma'aikata a ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna kafin ya yi ritaya. Baba, barka da zuwa.

Baƙo: Barka kadai 'yata, Allah ya yi albarka.

Mai gabatarwa: Amin. Wani mai gyaran waya daga Azare ya ce su uku ne kacal a shago, shin sai sun naɗa shugaba? Wannan ni ma zan amsa. Akwai hadisi a Abu Dawud cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Tafiya ma kenan, balle wurin da kuɗi ke shiga yana fita. Ku naɗa, malam.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi. An ɗora ta a kan ma'aikata shida a wata cibiyar lafiya, biyu daga ciki sa'o'in mahaifiyarta ne, tana jin nauyin yi musu gyara. Baba, yaya za ta yi?

Baƙo: To 'yata, kin tuna mini da Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna. Kin san masaƙar farko ta Kaduna a 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna. Daga baya masaƙu suka yawaita a wurin, idan aka tashi daga aiki kekuna ne kawai za ki gani sun cika titi. Ana aikin safe, ana na yamma, ana na dare, inji ba ya tsayawa. Audugar Funtuwa, audugar Gusau, duk nan ake kawowa. Yau ki je ki ga wurin, sai hawaye ya zo miki.

Mai gabatarwa: Baba, batun mutuniyar Maraɗi fa.

Baƙo: Ina zuwa ai. A can mun ga yara masu takarda an ɗora su a kan dattawan da suka fi shekara ashirin a gaban inji. Wanda ya zo da ɗaga kafaɗa, ba ya daɗewa yake gane kurensa, don za su zuba masa ido ne kawai ya yi ta kuskure. Ita dai ta riƙa zuwa ta gaishe su da safe kamar yadda take gaida iyayenta. Gyara kuma a keɓe, ba a gaban majinyata ba, ba a gaban yara ba. Amma fa ta yi gyaran. Idan Mama ta makara shugabar ta yi shiru, gobe ba ta da bakin yi wa yarinya magana.

Mai gabatarwa: Kin ji. Girmamawa daban, aiki daban, kada ɗaya ya cinye ɗaya.

Yanzu ga wasiƙar da za mu ɗan tsaya a kanta, domin mun samu irinta daga wani kafinta a Jos, da mai walda a Gombe, har da mai gidan burodi a zangon Kumasi. Wani tela ne daga Zariya. Ya ce: "Ina da yara huɗu a shago. A baya na koya wa biyu yanka, da suka iya sai suka tafi suka buɗe nasu, suka ja mini kwastomomi. Yanzu na daina koya wa kowa yanka, ɗinki da guga da sa maɓalli kawai suke yi. Na yi laifi?"

Malam tela, ba zan ɓoye maka ba, raina bai so wannan matakin ba. Iyayen yaran nan amana suka ba ka, ba masu guga suka kawo maka ba. Amma bari mu ji ta bakin Baba.

Baƙo: Ni tausayinsa ma nake ji. Ya tuna daren Sallah a shagonsa. Shadda da yadi sun yi tsibi a kan tebur, yara huɗu suna zaune a gaban keke hannu a cinya, kowa yana jiran maigida ya yanka ya miƙo. Shi kaɗai ke da almakashi, ido ya yi ja, waya tana ta ƙara. Idan zazzaɓi ya kayar da shi ranar, shago ya rufu ke nan alhali a buɗe yake. To wa ya cuta? Kansa ya fara cuta kafin yaran.

Sannan ya tambayi kansa, me ya sa waɗancan suka tafi babu sallama? Galibi saboda ba su san ranar sallamar ba ne. Yaro ya yi shekara biyar, shida, ga maganar aure ta taso, maigida bai taɓa cewa komai ba. Mu Hausawa muna da tsarinmu tun tuni. Yaro ya yi wa ubangidansa hidima, lokaci ya yi a sallame shi da jari da addu'a, ya zauna da ƙafarsa, zumunci kuma ya ɗore. Ki dubi Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a 1955. Daga fataucin goro a Gwanja ya dawo ya shiga sayen gyaɗa. Da shi kaɗai yake aunawa yana biya, ina zai kai? Yara ya ba kuɗi suka shiga ƙauyuka suna saye da sunansa. Ya yarda da mutane, shi ya sa hannunsa ya kai inda ƙafarsa ba ta je ba.

Mai gabatarwa: Ni kuma Baba, Nana Asma'u 'yar Shehu nake tunawa. Ba ta ce sai kowace mace ta zo gabanta ta zauna har abada ba. Ta koyar da jajis, wato matan da ta horar su zama malamai, ta naɗa musu malfa, suka koma garuruwansu suna jagorantar 'yan taru, wato matan da ke taruwa neman ilimi, suna karantar da su. Ta rasu tun 1864, amma har yau ana maganar aikin. To a aikace, me tela zai yi gobe da safe?

Baƙo: Ya kira iyayen yaran, a zauna da shaidu, a rubuta. Shekara nawa yaro zai yi. Me zai koya a shekarar farko, yaushe zai fara riƙe almakashi. Me za a ba shi ranar sallama, ko keke ne ko kuɗi, gwargwadon ƙarfi. Idan yana tsoron kwastomomi, a yi magana a fili cewa ba a layinsa za a buɗe shago ba. Kuma duk sanda ya sallami ɗaya, ya zama akwai na ƙasa da ya kusa iyawa. Wanda ka sallama da mutunci, ranar da aiki ya yi maka yawa shi za ka tura wa, shi ma ya turo maka.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu irin wannan matsalar suna da yawa. A zauna da iyaye. A rubuta shekaru. A faɗi abin sallama. A koyar da sana'ar gaba ɗayanta, ba rabi ba. Malam tela, kana auna ci gabanka da yawan kayan da ka yanka da hannunka. Ni a ganina ka auna shi da ko za ka iya tafiya Umara ka dawo ka tarar shago yana tafiya daidai. Da kai da kafinta da mai walda da mai burodi, duk maganar ɗaya ce.

Lokaci yana tafiya. Wani ma'aikacin gwamnati daga Birnin Kebbi ya ce ya daɗe a mataki ɗaya babu ƙarin girma, shin ci gabansa ya tsaya ke nan?

Baƙo: Ƙarin girma yana hannun wasu, ƙarin sani yana hannunsa. Ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN, mutum yana aikinsa yana karatu. Ya koyi kwamfuta sosai. Sannan akwai ci gaban da ba a rubuta shi a fayil: bara kana yi wa masinja tsawa, bana ka daina. Ka rage bashi. Kana cika alkawari. 'Ya'yanka suna ganinka kafin su yi barci. Na ga daraktocin da ba su samu wannan ba har suka bar aiki.

Mai gabatarwa: Wata mai gidan abinci daga Bauchi tana tambaya ko za ta iya sallamar ma'aikaciya nan take. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi sanarwa: kwana ɗaya idan ba ta wuce wata uku ba, mako ɗaya daga wata uku zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda idan ta kai shekara biyar. Kuma Hajiya ki biya ta haƙƙinta cif, kin san hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Ta ƙarshe daga Damaturu. Wani matashi da aka ba shugabancin shagon sayar da magani yana tambaya, wai ya dace ya ci gaba da cin abinci kwano ɗaya da yaransa? Kai malam, daga naɗa ka jiya har kwano ya yi maka kaɗan? Baba?

Baƙo: Ya ci da su mana. Ya dai riƙa biyan kuɗin naman.

Mai gabatarwa: To ka ji, nama a wuyanka. Sauran wasiƙun da suka shafi rabon riba tsakanin abokan kasuwanci sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba, mun gode. Jama'a, a kasance lafiya.